Hoton teku da almuru: me ya sa sama ke ƙonewa, duwatsu su yi baƙi?

"Assalamu alaikum Malam. Ni mai ɗaukar hoton biki da suna ne a nan Sakkwato. Bara munka tafi ziyara Senegal, a hanyar dawowa munka kwana biyu Dakar. Da marece na sauka bakin teku, na ga abin da ban taɓa gani ba: baƙaƙen duwatsu, koriyar ciyawa ta lulluɓe su, ruwa na dukansu yana tashi sama, rana kuma tana faɗawa cikin teku. Na ɗauki hoto ya fi 200, amma ko ɗaya ban iya nuna ma mutane. In sama ta fito, duwatsu da ciyawa sun yi baƙi ƙirin. In ciyawa ta fito, sama ta yi fari fat. Ruwan kuma babu ƙarfin da na gani da idona. Kyamarata Canon ce mai gilashin 18-55. Bana in Allah ya so zan koma. Shin kyamarar ce ta gaza ko ni ne? Mi ya kamata in saya, mi ya kamata in koya?"

Wa'alaikumus salam ƙanena. In na fahimce ka, abu uku ne suka haɗu maka a wuri ɗaya: sama mai tsananin haske, duwatsu da ciyawa masu duhu, da ruwan da ba ya tsayawa. Kowannensu saitin da yake so daban ne, kai kuma ka ba su saiti ɗaya. Kyamararka ba ta gaza ba, wannan gilashin na 18-55 ya isa ya yi aikin. Kai ma ba ka gaza ba. Ka je wa teku ne da hannun biki, inda haske ke hannunka, ango da amarya kuma suna tsayawa in ka ce su tsaya. Akwai ɗan abin da za ka saya, zan zo kansa, amma mafi yawan abin da ka rasa ba a shago yake ba. Sanin lokacin ruwa ne da lokacin haske, da haƙurin tsayawa kana kallo kafin ka danna.

Mu a nan tsakaninmu da teku tafiyar kusan kilomita 1,000 ce a mota, kuma ko ka isa Legas ba lallai ka sami abin da ka gani ba. Gaɓar tekun Najeriya, mai tsawon kimanin kilomita 853, galibinta rairayi ne da laka da dazukan bakin ruwa, kuma kudu take fuskanta, don haka rana ba ta faɗa maka cikin ruwa gaba da gaba. Duwatsun da za ka gani a bakin mashigar jiragen Legas ma jibge su aka yi don tare ruwa. Dakar kuwa tana kan wani tsinin ƙasa da ya kutsa cikin tekun Atlantika, kuma kan Almadies shi ne ƙarshen doron Afirka ta yamma. Baƙaƙen duwatsun nan tsohon aman wuta ne da ya daskare, shi ya sa suke shanye haske haka. Wurin da ka faɗa mai kyau ne ƙwarai, amma yana cikin mafi wuyar ɗauka.

Wata ne ke jan ruwan

Zan fara da ruwan, don shi ne ɗan Sakkwato bai sani ba. Gulbin Rima sau ɗaya yake cika a shekara, da damina. Teku kuwa sau biyu yake cika ya janye a kowace rana. Tsakanin cikowa da cikowa kimanin awa 12 da minti 25 ne, saboda haka kullum lokacin yana jinkirta da kusan minti 50 a kan na jiya. Ciyawar da ta burge ka tana manne ne a ɗamarar da ke tsakanin iyakar cikowa da iyakar janyewa. In ka je teku ya cika, tana ƙarƙashin ruwa. In ka je ya janye gaba ɗaya, tana fili amma igiya na can nesa da ita, ciyawar kuma ta fara bushewa ta dushe. Lokacin da nake nema shi ne tsakatsaki, ruwa yana kan janyewa: duwatsu a jiƙe, ciyawa tana sheƙi, igiya kuma tana kaiwa gare su har yanzu. Na fi son lokacin janyewa a kan lokacin cikowa don dalili biyu. Komai a wanke yake, sannan hanyar komawarka tudu tana ƙara buɗewa ne, ba rufewa take yi ba.

A nan muna da wata fa'ida da ba mu lura da ita. Jan wata da na rana ne ke kawo wannan cikowa, kuma tana kai maƙura ne sau biyu a watan Musulunci: a kwanakin tsayuwar wata, da kuma daren 14 zuwa 15, ko bayansu da kwana ɗaya ko biyu. A waɗannan ranaku teku ya fi tumbatsa, ya kuma fi janyewa, sai ka ga duwatsun da ba a ganinsu sauran kwanaki. Wajen 7 ga wata da 22 kuwa motsin kaɗan ne. Mu da muke zaune a garin da Sarkin Musulmi ke sanar da ganin wata, lissafin nan a bakinmu yake. Abin da ya rage shi ne ka buɗe jadawalin cikowar teku na Dakar a intanet, kyauta ne, ka nemi ranar da rabin janyewa ya zo daidai da faɗuwar rana. Irin wannan dacewa tana zagayowa kusan duk mako biyu. In kana da ikon zaɓen ranar da za ku kwana a Dakar, da wannan za ka zaɓa. Ka tuna agogon Senegal yana bayan namu da awa ɗaya.

Girman igiya kuma wani abu ne daban da cikowa. Manyan igiyoyin da ke dukan yammacin Dakar daga wajen Nuwamba zuwa Maris guguwar arewacin Atlantika ce ke haifar da su, su yi tafiyar dubban kilomita kafin su iso. Shi ya sa za ka iya ganin gari tsit babu iska, amma ruwa yana rugugi. Kuma ba ɗaiɗai suke zuwa da girma ɗaya ba. Ayari-ayari suke yi: 'yan ƙanana su yi ta zuwa, sai manya uku ko biyar su biyo a jere, sai a lafa. Duk inda na sauka, minti 15 na farko ba na buɗe jaka. Ina tsayawa daga sama ina kallon wane dutse ne ruwa ke fashewa a kansa, ta wane lungu kumfa ke komawa, kuma ina ne babbar igiya ta tsaya.

Mintunan da kake da su

Sakkwato tana kan digiri 13 arewa da tsakiyar duniya, Dakar kusan 15, don haka almurunsu irin namu ne, gajere. Rana tana gangarowa kusan a miƙe. Daga lokacin da gindinta ya taɓa ruwa zuwa ɓacewarta bai kai minti 3 ba, hasken da ke biyo baya kuma mai amfani bai wuce minti 20 zuwa 25 ba. Shawarwarin da ake rubutawa daga ƙasashen Turai, inda almuru ke jan jiki, ba sa la'akari da wannan. In kana son sanin sauran lokacinka, miƙa hannu ka dunƙule shi tsakanin rana da bakin ruwa. Dunƙule ɗaya kimanin minti 40 ne. A Dakar rana tana faɗuwa wajen ƙarfe 6:40 a ƙarshen Nuwamba, ta kai wajen 7:40 a Yuli. A Maris da Satumba yamma sak take faɗawa, a Disamba ta karkata kudu, a Yuni ta karkata arewa. Ka isa wurin tun bayan la'asar.

Yanzu ga dalilin ƙonewar sama. Idonka yana gyara kansa yayin da yake yawo tsakanin haske da duhu, kyamara kuwa awo ɗaya take yi wa hoto duka. Bambancin hasken sama kusa da rana da na baƙin dutse a inuwa ya fi abin da za ta iya ɗauka a tashi ɗaya. Magani na farko, wanda ba ya cin ko sisi, shi ne ka daina sa rana a tsakiyar hoto. Ka juya ta koma gefenka, haskenta ya riƙa shafar duwatsun ta kaikaice. Nan take bambancin zai ragu, ƙurajen dutse su fito, feshin ruwa ya ɗauki launin zinariya. Mafi yawan hotunan teku da na fi so a cikin nawa babu ƙwayar rana a cikinsu.

Na biyu, ka ɗauka da RAW, wato ɗanyen hoton da kyamara ba ta sarrafa ba, ba JPEG da muka saba a biki ba, kuma ka auna haskenka a kan wuri mafi haske, wato sama da farar kumfa. Inuwar da ta yi duhu ana iya ɗago ta a kwamfuta, musamman in ISO, wato saitin ƙarfin jin haske na kyamara, yana kan 100, amma farin da ya ƙone ya tafi ke nan. Kada ka yarda da yadda hoto ya fito a allon bayan kyamara, don da almuru allon yana yaudara. Ka kunna zanen awon haske, wanda ke kama da tsauni, ka tabbata bai jingina da bangon dama ba. Na uku, in lallai kana son ranar a ciki, kafa kyamara kada ta motsa, ka ɗauki guda ɗaya don sama, ɗaya don ƙasa, ka haɗa su daga baya. Akwai kuma filta mai rabi duhu rabi fari da ake sawa a gaba don rage hasken sama kaɗai. Tana aiki sosai a teku tunda iyakar ruwa a miƙe take, sai dai in dutse ya tsaya ya keta sama za ta baƙanta masa kai.

Filasha kuwa ka kashe ta. Hasken da ke gyara fuskar amarya, a kan jiƙaƙƙen dutse ƙyalli kawai yake bari, ya mai da feshin ruwa ɗigo-ɗigo fari. Daidaita launi ma ka cire shi daga otomatik ka sa a na hasken rana, wajen 5,500 a ma'aunin launin haske, ko na gajimare, don otomatik yana ɗaukar jan almuru a matsayin kuskure ya wanke shi. Sai batun hazo: daga Disamba zuwa Fabrairu ƙurar hunturu tana kaiwa Dakar kamar yadda take rufe mu. Ka san yadda rana ke zama farin faifai ta ɓace tun ba ta kai ƙasa ba. A irin wannan ranar kada ka jira jan sama, ka rage ta a hoton ka ba duwatsu da ruwa fili.

Ƙiftawa ita ce ke ba ruwa siffa

Ka ce ruwan bai fito da ƙarfinsa ba. Ina kyautata zaton kyamarar ta zaɓa maka ƙiftawa, wato tsawon lokacin da take buɗewa haske ya shiga, wajen 1/60 ko 1/100 na daƙiƙa, kuma wannan ita ce mafi munin zaɓi ga igiya: ba ta tsayar da ruwa ba, ba ta kuma bar shi ya gudana ba, sai ya fito kamar hannu ne ya girgiza. Dole kai za ka yanke shawarar irin ruwan da kake so.

In fashewar kake so, ɗigo-ɗigo a tsaye a sama, ka sa 1/1000, kada ka sauka ƙasa da 1/500. Wannan aikin ka san shi daga hawan sallah. Yadda ba ka jira doki ya iso gabanka kafin ka danna, haka nan igiya: ka danna lokacin da ta kusa taɓa dutse, ka riƙe maɓallin ya yi ta harbi a jere, don ƙololuwar tashin ruwan ba ta kai ƙiftawar ido ba. Wannan hoton tun rana na da dunƙule ɗaya ko biyu ake yinsa, kuma ya fi kyau in hasken ya ratso feshin ta baya ko ta gefe, da duhun dutse a bayansa. Ka ja gilashinka zuwa 55, ka tsaya nesa. Ka ɗaga ISO zuwa 400 ko 800 in ta kama, ba laifi. Kada ka leƙa rana ta ramin ido na kyamara, yi amfani da allo.

Ni dai inda zuciyata take shi ne tsakanin 1/4 na daƙiƙa da daƙiƙa 1. A nan ruwa yana motsi amma bai rasa jikinsa ba, kumfa tana jan fararen zare-zare tsakanin duwatsu kamar an shimfiɗa saƙa. Sirrin kuma shi ne ba lokacin da igiya ke zuwa ake dannawa ba, lokacin da take komawa ne. Mai zuwa farin dunƙule ce kawai, ta rufe komai. Mai komawa ita ce ke rarrabuwa ta bi lunguna, ta zagaye ciyawa, ta ja idon mai kallo daga ƙasan hoto zuwa cikin teku. Ka bari ta kai iyakarta, ta ɗan tsaya, da ta fara ja da baya sai ka danna. Babbar igiya mai sauri tana son 1/4 ko 1/8, ƙarama mai nawa tana son daƙiƙa guda. Waɗannan lambobi mafari ne kawai, ruwan wannan ranar ne zai gyara maka su, don haka ka duba ka sauya.

Akwai kuma doguwar ƙiftawa, daƙiƙa 15 zuwa 30, inda teku ke komawa kamar hayaƙi. Mutane suna sonta, ni ma na yi ta, amma ga abin da ka tambaya ban ba ka shawararta ba. Ƙarfin ruwan kake nema, ita kuwa ƙarfin take gogewa, ciyawar da ruwa ke kaɗawa ma ta zama koren dabbare.

Matsalar jinkirta ƙiftawa ita ce haske yana yin yawa muddin rana na sama. Maganinta baƙar filta da ake kira ND, tabarau ne na kyamara. Lissafinta mai sauƙi ne: in ba filta awonka ya ba ka 1/60, ND8 za ta mai da shi 1/8, ND64 ta mai da shi daƙiƙa 1, ND1000 kuma wajen daƙiƙa 16. In ɗaya za ka saya, ND64 ce, ko ND8 in ka fi son aiki dab da faɗuwa. Bayan rana ta ɓace ba ka bukatar kowace, duhu da kansa zai ba ka jinkirin. Buɗewar ido, wato faɗin kafar da haske ke bi a cikin gilashi, ka bar ta f/8 zuwa f/11. Kada ka matse zuwa f/22 don rage haske, hoton laushi yake yi, kuma duk ƙurar da muka kwaso daga gida a cikin kyamara sai ta bayyana a sama. In gilashinka na kan 18, buɗewar ido na f/11, in ka sa kaifin hoto a kan abin da ke nesa da kai da mita 1.5 zuwa 2, daga kusan mita 1 har ƙarshen gani zai fito sarai. Ka saita sau ɗaya ka kashe otomatik, in ba haka ba duk igiyar da ta zo sai gilashi ya yi ta farauta.

Ciyawar kanta

Ciyawar teku ba ciyawa ba ce irin ta fadama. Dangin gansakuka ce, ba ta da saiwa, wani ɗan gindi ne take kama dutse da shi, abincinta kuma daga ruwa da haske take samu. Kala uku ce a dunƙule: koriya, ruwan ƙasa da ja. Koriyar da ka gani mai yiwuwa irin mai siririn ganye ce kamar latas, kuma tana da wata baiwa: in ka durƙusa ƙasa sosai haske ya ratso ta ta baya, sai ta kama kamar an kunna mata fitila. Amma ka lura, koren abu a ƙarƙashin jan haske duhu yake yi. A mintunan ƙarshe, da rana ta yi ja wur, korenta yana mutuwa. Ya fi fitowa tun rana na da ɗan tsawo, ko kuma bayan ta faɗi, lokacin da sama gaba ɗaya ta zama fitila mai taushi.

Jiƙaƙƙiyar ciyawa madubi ce, tana mayar da farin sama ta ɓoye launinta. Filtar kashe ƙyalli, wadda ake sayarwa da sunan CPL, ita ce maganin wannan. Kana juya ta kana kallo har ƙyallin ya ragu. Ta fi aiki in rana na gefenka, in kana fuskantarta kusan ba ta yin komai, kuma tana cin haske mataki ɗaya zuwa biyu, wanda a nan taimako ne. Kada ka juya ta har ƙarshe. In ka kashe sheƙin duka, dutse zai zama kamar busasshe, alhali jiƙar ce rabin kyansa.

Ka zaɓi dutse ɗaya ko tsagi ɗaya mai ciyawa ya zama goshin hotonka, ka sauke kyamara zuwa gwiwa ko ƙasa da haka, ka matso shi. Hotuna 200 da ka ɗauka ina zaton a tsaye ka yi su, kana son komai ya shiga, shi ya sa ido bai sami wurin sauka ba. Iyakar ruwa kuma ta miƙe sak, teku ba ya gangara.

Akwai wata iri mai launin ruwan ƙasa da ba ta manne da dutse, yawo take a kan ruwa da 'yan ƙwallaye masu iska a jikinta, sunanta Sargassum. Tun 2011 take tururuwa zuwa gaɓar Afirka ta Yamma da tsibiran Karebiyan da yawan da ba a saba gani ba. Sabuwarta launin zinariya ce, tana kyau a hoto. In ta taru ta ruɓe kuwa warin ruɓaɓɓen ƙwai take yi, iskar kuma tana cutar da numfashi, kada ka daɗe a kanta. Ga masunta masifa ce, tana cika musu koma tana tare jirage, don haka ka san da wane baki za ka yaba ta a gabansu.

Ranar da ruwa ya same ni

Wannan ɓangaren ya fi duk na sama muhimmanci a wurina. Yawancinmu 'yan tudu ne, ba mu iya iyo ba, wanda ya iya a gulbi ma bai san wannan ruwan ba. Ruwan teku mita ɗaya tsawo, faɗi da zurfi ya haura kilo 1,000. Igiyar da ta kai gwiwa kawai tana iya ɗauke ƙafar ƙato, ciyawar kuma santsinta ya fi na kuɓewa.

Wata tafiya na sauka kan wani shimfiɗaɗɗen dutse a gaɓar Dakar. Wani dattijo masunci ya yi mini nuni da hannu in hau sama. Ba na jin yarensa, na ɗaga masa hannu na ci gaba, don na ga minti goma ruwa bai kai wurin ba. Ina sunkuye ina duba allo sai na ji ruwa a ƙugu. Ya kayar da ni a kan dutsen, ya ja ni kamar taku uku kafin na kama wani tsagi. Na tashi da tsagaggen gwiwa da tafin hannu, kyamarar kuma ba ta sake kunnuwa ba. Dattijon nan ne ya miƙo mini hannu. Alamar tana gabana ban karanta ba: dutsen a jiƙe yake, kuma duk dutsen da ke jiƙe ruwa ya kai wurin, zai kuma dawo.

Tun daga ranar ba na juya wa teku baya, ba na duba hoto sai na hau tudu, ba na zuwa ni kaɗai. Ka tafi da wanda aikinsa kawai kallon ruwa ne ya yi maka magana. Ka sa takalmi mai kama ƙasa, ban da silifas, ka bar babbar riga a masauki don in ta jiƙe nauyi take yi tana naɗe ƙafa. Ka taka busasshen dutse mai kaushi, kada ka taka kore. Ka san ta inda za ka gudu tun kafin ka kafa kyamara, ka riƙe tocila don duhu na saurin rufewa. Masuntan Lebu na Ngor da Ouakam a ruwan nan suka tashi, ka gaishe su ka tambaya ko da nuni ne, matambayi ba ya ɓata. In kuma za ka sa mutum ko jirginsa a hoto, nemi izini.

Mafi kyan haske yana faɗawa ne daidai kiran magariba, mu kuma mun taso a kan gaggauta ta. Yadda nake yi, ina sauka da alwalata, in ta warware ruwan teku mai tsarki ne kamar yadda ya zo a hadisi. Ina gama babban aikina kafin rana ta ɓace, in ɗauki 'yan mintuna kaɗan bayanta, sannan in hau tudu mu yi salla da abokin tafiyata. A Ouakam ma akwai masallaci a bakin ruwan, ƙarƙashin tsaunukan Mamelles inda hasumiyar jagorar jirage take tun 1864. Wannan tsarin yana fitar da kai daga kan duwatsu kafin duhu.

Abin da za ka yi kafin tafiya

Ba a fafe gora ranar tafiya. Duk abin da na faɗa, ban da halin teku, kana iya koyonsa a gida, tunda almurunmu da nasu tsawonsu ɗaya. Ka je gadar Kwalkwalawa a kan hanyar jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a Agusta ko Satumba, lokacin da Rima ke gudu, ka gwada 1/1000, 1/4, daƙiƙa 1, ka ga yadda ruwa ɗaya ke sauya kama. Da rani ka sami mai lambu a fadama, bakin bututun injin ban ruwa ya isa makaranta: ga ruwa mai fashewa, ga gansakuka a jikin dutse. Ko a tsakar gida, yaro ya riƙa watsa bokitin ruwa a kan turmi kana koyon lokacin dannawa. Ka yi ta yi da almuru har yatsunka su san maɓallan ba tare da ka duba ba, don a bakin teku idonka na kan ruwa ne.

Sayayya kuwa, mai ƙafa uku da ake ɗora kyamara a kai, mai nauyi, ita ce ta farko, ba irin siririyar da iska ke kaɗawa ba. Ka cusa ƙafafunta cikin tsagin dutse, kada ka ɗaga sandar tsakiya, ka kashe mai hana girgiza na gilashi in kyamara na kanta. Sai igiyar dannawa daga nesa, don jinkirin daƙiƙa 2 na cikin kyamara ba ya barin ka dace da igiyar ruwa. Sai ND64 da CPL daidai da faɗin bakin gilashinka, lambar tana rubuce a jikinsa. Sai tsummokin goge gilashi guda uku ko huɗu a cikin leda.

Mun saba yaƙi da ƙura, amma gishiri ya fi ta ɓarna. A kowace lita ta ruwan teku akwai kimanin giram 35, kuma feshinsa yana cikin iska ko ba ka ji ya taɓa ka ba. Ka duba gaban gilashi bayan kowace babbar igiya, ɗigo ɗaya yana ɓata hoto in rana na gaba. Kada ka sauya gilashi a bakin ruwa. In ka koma masauki ka goge jikin kyamara da tsumma mai ɗan danshin ruwan sha, filta kuma ka fara jiƙa ta kafin ka goge, don busasshen gishiri yana karce gilashi. Mai ƙafa uku ka buɗe ta duka ka wanke a famfo, in ba haka ba ka dawo Sakkwato ka tarar gaɓoɓinta sun ci tsatsa sun ƙi motsi.

Abin da na faɗa maka daga gaɓar Dakar na koye shi, inda tsakanin cikowa da janyewa bai wuce mita ɗaya zuwa biyu ba. Akwai wurare kamar mashigin Fundy a Kanada da ruwa ke tashi har mita 16, can lissafin tsayuwa daban ne gaba ɗaya, kada ka ɗauki nawa ka kai. Kuma ko ka yi komai daidai, sama tana iya ƙin ba da launi a ranar. Na taɓa yin marece huɗu a jere a dutse ɗaya kafin na sami hoto guda da na yarda in wanke. Tunda kwana biyu kuke yi, ka roƙi abokan tafiyarka su ƙara maka ɗaya, marecen farko ka je ba don ɗauka ba, ka zaɓi dutsenka, ka ga inda ruwa ke tsayawa. In ka dawo ka kawo mini katin in gani, har da waɗanda ba su yi kyau ba, don a cikinsu ne zan gane saitin da za mu gyara. Allah ya kai ku lafiya ya dawo da ku lafiya.